Gansakukar Maigandi Direba

Ranar da Maigandi zai tafi a yi masa aikin ido, hadari ya haɗu ta gabas tun da hantsi, baƙi ƙirin, har mata suka kwashe shanya, masu tebur a Ƙofar Dundaye suka lulluɓe kayansu da leda. Aka yi ta jira. Can iska ta taso ta bubbuga ƙofofi, ta kwashe hadarin gaba ɗaya ta yi yamma da shi, ko ɗigo bai sauka ba. Abin da ta bar mana shi ne zafi mai gumi, irin wanda riga ke manne wa mutum a baya. A cikin wannan zafin Maigandi ya kira ni gidansa, ya damƙa mini makullin ɗakin kifinsa.

Gida uku ne tsakanina da shi tun muna yara. Ya girme ni da shekara ɗaya, kuma bai taɓa bari na manta ba. Mahaifinsa baduku ne, amma shi ya ce warin jima ba zai bar shi ya yi tsawon rai ba, ya koma tasha. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan babbar mota, yana kai albasa Ikko. Ni kuwa, Mode, albasar nake nomawa a fadama, kuma ban taɓa wuce Gusau ba. Shi mai magana ne, ni mai sauraro. Idan ya dawo daga tafiya ya zauna a zaurensa, zai ba ni labarin hanya tun daga Jega har bakin teku, ni kuwa in ce to, in ce ikon Allah. A haka muka tsufa, ba mu taɓa faɗa ba, don faɗa sai da baki biyu.

Kifin ya samo asali ne daga lalacewar mota. Wata shekara wani ƙarfe ya karye masa a cikin Ikko, ya kwana tara yana jiran a kawo wani. Kusa da inda motar ta tsaya akwai shagon wani mutumin can, mai sayar da kifin ado na ruwan gishiri a cikin akwatunan gilashi. Rana ta farko inuwa Maigandi ya shiga nema. Rana ta uku shi ke ɗauko wa mutumin jarkokin ruwa. Daga nan, duk zuwan da zai yi, kafin ya nemi abinci sai ya leƙa shagon. Ya shekara goma sha ɗaya yana kallon kifin mutane, yana tambaya, ana ba shi amsa, yana ajiyewa a ka, don shi karatunsa bai wuce allunan hanya ba.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Wata rana bayan Kontagora ya taka birki da duk ƙarfinsa saboda jaki, ya sauko ya tarar kututture ne a gefen titi. Yana dawowa ya kai wa mai motar makullinsa, ba wanda ya ce ya kai. Tafiyarsa ta ƙarshe a gefen wani direba ya yi ta. Ya dawo da akwatin gilashi naɗe cikin katifa, da buhu biyu na gishirin teku wanda ba irin namu na miya ba ne, da 'yan duwatsu masu ramuka, da kwalba ɗaya cike da gansakuka. Kifi ko ɗaya babu.

Akwai tsohon ɗakin ƙasa a gefen zaurensa, mai kaurin bango, wanda ko a bazara yana da sanyi. Nan ya ajiye gilashin. Ya huda bangon ya zura bututu biyu zuwa tsakar gida, inda ya girka babban baho a gindin darbejiya, wurin da ranar safe kaɗai ke samu. A bahon ya zuba gansakukar. Ba irin mai santsin da ke kama randa ba ce, wannan kamar zaren da ya cukurkuɗe take, koriya shar, ana iya ɗaga ta da hannu ɗaya. Wani ɗan inji mai amfani da sola yana tura ruwa daga gilashi zuwa baho, ruwan ya ratsa ta cikinta ya koma.

Na tambaye shi amfaninta. Ya ce, "Kifi shi yi kashi, gansakuka ta ci, ni in ɗebe gansakuka in zubar. Datti ya bar gidana ke nan. Akwai injin da ka wanga aiki, amma wuta shika so wadda ba ta ɗaukewa. Kai ka san inda muke."

Wata huɗu ya yi yana kiwon gansakuka ita kaɗai, wai sai ruwa ya nuna. Mutanen unguwa suka riƙa zuwa kallon akwatin da ba komai a ciki sai duwatsu, su fito suna yi wa juna ido. Hajara matarsa ta ce ita ta ga mazan da suka bar aiki suka kama kiwon tumaki, ta ga masu kaji, nata rabon mai kiwon dattin randa ne. Ni kuwa na yi masa addu'a a ɓoye.

Da kifin suka iso a cikin kula, guda biyar ne. Biyu ruwan lemo masu farar ɗamara, biyu shuɗaye masu rawayar wutsiya, da wani rawaya mai dogon baki. Sai dai kafin lokacin idon ya yi nisa. Abin da yake gani launi ne kawai yana wucewa, kamar mutum ya hangi 'yan biki ta cikin labule. Yakan zaunar da ni ya ce in faɗa masa abin da suke yi. In duba in ce, "Suna iyo." Ya ce, "Allah ya ba ka ido ya hana ka baki, Mode." Shekara biyu yana ciyar da su, yana sayen ƙanƙara don su, bai taɓa ganin fuskar ɗaya ba. Da Gazali babban ɗansa ya samo masa layi a wani asibitin ido a Kano, bai yi zancen ganin hanya ko ganin jikoki ba. Cewa ya yi zai dawo ya ga kifinsa.

Hajara ta riga ta faɗa cewa ita ba ta hidimar kifin da ba a ci. Shi ya sa aka kira ni.

Abu uku ya ba ni. Abinci sau ɗaya da hantsi, abin da yatsa biyu suka ɗauka. Ƙanƙara ƙulli biyu bayan azahar don ruwan ya yi sanyi, a sa ta da ledarta. Idan ruwa ya sauka ƙasa da layin da ya zana, a cika da ruwa marar gishiri, don rana ruwa take sha, ba ta shan gishiri. Ya sa na maimaita sau biyu.

Na ce, "Gansakukar hwa?"

Ya ce, "Bar ta. Yau na rage ta da yawa, ba ta buƙatar komi. Ita ta san aikinta."

Kwana uku na farko na yi aikin kamar liman da sallarsa. A rana ta huɗu na tsuguna gaban bahon na ga abin da ya dame ni. 'Yar ragowar gansakukar ta yi haske, bakin zarenta ya koma fari-fari. Shekara hamsin na yi a lambu. Idan ganyen albasa ya yi haka, ba sai an gaya mini ba, yunwa ce. Kuma a iya sanina ba a taɓa yin manomin da ya ga shuka tana jin yunwa ya wuce ta ba. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, yunwarta ita ce aikinta. In ta rame, ruwa ya yi tsabta ke nan, ba abin da ya rage ta ci. Maigandi ya faɗa mini haka da bakinsa ya fi sau ashirin, ina cewa to.

Akwai kuma wani abu, tunda na ɗauki alƙalami gara in faɗa. Ina so in burge shi. Duk zamanmu shi ne wanda ya ga duniya, ni ina zaune ina ikon Allah. To ga abu ɗaya kore a gidansa, kuma kore fannina ne. Na ce bari sabon idonsa ya sauka a kan bahon da ya cika ya tumbatsa, ya tambayi wa ya yi wannan.

Ina da tantabaru a gida, kuma duk mai lambu ya san babu takin da ya kai kashinsu ƙarfi. Na ɗebo busasshe kamar girman ƙwan zabo, na ƙulle a tsumma mai tsabta, har wanke tsumman na yi, na cusa a ƙarƙashin gansakukar. Lissafina shi ne takin yana baho, kifi suna ɗaki, ga bango a tsakani. Ni da na ƙare rayuwata ina sakin ruwa daga wannan fangali zuwa wancan, ina tsaye a kan bututu biyu, ina jin ƙarar injin, na manta ruwa tafiya yake yi. Washegari na ga ba abin da ya faru, sai na ƙara ƙulli na biyu.

A rana ta shida ruwan gilashin ya yi kamar an ɗiga masa nono. Na ce zafi ne, na ƙara ƙanƙara. A ta bakwai ya fara kore, kifin suka tattaru a sama suna buɗe baki. Ina tsaye ina kallonsu wayata ta yi ƙara. Gazali ne, ya ce an kwance wa Baba ido ɗaya da safe, ga shi.

"Mode," in ji Maigandi, "na ga layin tahin hannuna. Na ga Gazali ashe ya yi hurhura bai gaya min ba. Yaya mutanena?"

Na ce, "Suna nan."

"Suna ci?"

"Suna buɗe baki."

Ya yi dariya ya ce haka suke, ba su ƙoshi. Ban yi ƙarya ba, amma ban taɓa jin kunyar gaskiya irin ta ranar ba.

Washegari rawayan nan mai dogon baki ya juya ciki sama. Ruwan kuwa ya zama kamar miyar kuka, sai ka kanga ido a gilashi kafin ka hangi inuwar dutse. A lokacin ne hankalina ya dawo daga inda ya tafi, na zura hannu na zaro tsummokaran biyu. Kashegari ɗaya daga cikin masu farar ɗamara ya bi shi.

Sai na sake yin wani tunanin. Idan ruwan rijiya ya gurɓace, alif muke jefawa ya kwanta. Na je na sayo, na tsuguna a tsakar gida ina daka shi da dutse. Hajara ta leƙo daga ƙofar ɗakinta.

"Malam Mode, mi kaka dakawa?"

"Alif na."

"Na mi?"

Na ci gaba da daka. Ta fito ta leƙa bahon, ta shiga ɗakin kifin da ta rantse ba ta shiga, ta fito. Ta ga tsummokaran a gefe, ta taɓa ɗaya da tsinke ta shinshina.

"Taki kas sa musu?"

"Ba su ba. Gansakuka nis sa ma."

"Ka kashe biyu da taki, sauran ukun za ka ƙarasa da alif. Malam Mode, in kana da wata dabara bayan wagga, don Allah ka bar ta gida."

Ita da ba ta hidimar kifi, ashe duk abin da mijinta ke yi tana gani. Ta nuna mini jarka uku a bayan ƙofa, ruwan gishirin da ya haɗa ya ajiye. Ta ce duk sati biyu yakan zuƙe wani da tiyo ya zuba sabo. Muka yi haka, ni ina zuƙa, ita tana riƙe bokiti tana faɗa mini ra'ayinta game da manoma. Ruwan teku da takin tantabara ya shiga bakina sau biyu, kuma ban ga wanda zan kai wa ƙara ba. Ta ce a daina ba su abinci. Kifi ukun suka sauko daga sama, suka daina haki. Amma koren bai tafi ba, kwana biyu ya dawo kamar ba a taɓa shi ba, kuma jarkokin sun ƙare.

Ranar sha biyu suka dawo, bayan la'asar. Maigandi ya sauko daga keke mai ƙafa uku da baƙin tabarau, bai shiga cikin gida ba, bai amsa sannu da zuwan kowa ba, ya miƙo mini hannu na ba shi makulli. Ya buɗe ɗakin ya tsaya gaban gilashin, ya cire tabarau. Ya daɗe. Ya rufe idon da ba a yi wa aiki ba da tafin hannu, ya matsa kusa, ya ja baya. Sai na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Mode," ya ce a hankali, "aikin ga bai yi ba. Can na gani lahiya lau. Yanzu komi kore nika gani, ko kifi ɗaya ban gani. Likitan ya ce wani lokaci yanar tana dawowa."

Na yi alkawarin faɗar gaskiya a rubutun nan. Na tsaya kamar numfashi uku ina duba hanyar tsira da ta buɗe mini, in bar laifin a kan likita. Likitan yana Kano, bai san ni ba, ban san shi ba. Sai na ga Maigandi yana lalubar bakin gilashin da hannu, irin yadda yake yi kafin aikin.

Na ce, "Idonka lahiya lau shike. Ruwan na kore. Ni ma kore nika gani."

Ya juyo ya dube ni, karo na farko cikin shekaru da ya dube ni yana ganina.

"Mi yaf faru?"

"Taki nis sa ma gansakuka."

"Taki."

"Na ga ta rame."

"Wane iri?"

"Na tantabara."

Ya nemi kujera ya zauna. Hajara tana bakin ƙofa, kuma a ranar ta yi mini alherin da ban zata ba, ba ta ce komai ba. Ya tambayi nawa suka rage, na ce uku. Ya tambayi waɗanne suka tafi, na faɗa. Da na ambaci rawayan sai ya sunkuyar da kai, don shi ne wanda yake cin abinci a yatsansa. Ya ce, "Wanga ko launinai kaɗai nis sani." Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Can ya ce, "Shekara sittin ba ka taɓa yin abu ba sai an ce ka yi. Ranar da za ka fara, a kan kifina."

Na miƙe zan tafi. Ya ce ina zan je, ai wanda ya shuka shi ke nome. Gobe da hantsi yana jirana.

Gyaran bai da wata dabara sai jira, kuma nan kaɗai na yi amfani. Ya ce koren da ke cikin ruwan shi ma wata gansakuka ce, ƙanana, masu son haske, kuma abinci ɗaya suke ci da ta bahon. Muka lulluɓe gilashin da bargo kwana huɗu don su rasa haske, ta bahon kuwa tana shan ranarta. Muka buɗe kwana biyu, muka sake rufewa. Ya haɗa sabon ruwa da ragowar gishirinsa, muna sauya kaɗan kaɗan. Ita kuwa ta bahon, da ta samu abin da na zuba mata, sai ta kama girma kamar ana hura ta. Duk kwana uku ina cika ƙwarya da ita ina zubarwa. Wata safiya na ce masa, in za a yi adalci, takin dai ya yi aiki. Ya dube ni da sabon idon nan har na sunkuya na ci gaba da abin da nake yi.

Duk kwanakin nan bai leƙa ƙarƙashin bargon ba, kuma ko a ranakun da aka buɗe ba ya shiga ɗakin. Ni ke shiga in ba da abinci in fito in ce suna iyo. Ya ce ya riga ya jira shekara biyu, ba zai fara ganinsu a cikin miya ba.

A kwana na ashirin da uku da ba ni makullin na shiga da hantsi na tarar ina hango bangon ɗakin ta cikin ruwan. Na fito na ce masa ya zo. Ya ɗauko 'yar kujerarsa ya zauna, hancinsa kusan yana taɓa gilashin. Shuɗayen biyu suka fito daga ramin dutse, mai farar ɗamarar da ya rage ya zo ya tsaya daidai fuskarsa yana kaɗa jiki. Har aka kira azahar bai motsa ba, kuma bai yi magana ba, abin da ban taɓa gani ba. Da muka tashi za mu masallaci ya ce, "Ashe farar ɗamarar nan da baƙin zare a gehenta. Shekara biyu kana kallo ba ka hwaɗa min ba."

Na ce ban lura ba. Ya ce ya sani.

Maigandi yana nan a gidansa na Ƙofar Dundaye, shekararsa saba'in da biyu. An yi masa ido na biyu bara, yanzu har zare yake zura wa Hajara a allura. Kifinsa shida, bahon gansakuka ya zama biyu, kuma wani malamin makaranta daga Runjin Sambo ya zo ya karɓi iri zai gwada nasa. Ina zuwa kullum da hantsi. Ɗibar gansakuka a zubar aikina ne, abinci kuwa shi yake bayarwa da hannunsa.